Daga ina mace ke farawa in tana son zama kocin ƙwallon kwando a jami'ar Amurka?

Wata ƙanwarmu da ke shekarar ƙarshe a wata ƙaramar jami'a a Amurka, kuma take buga wa makarantar ƙwallon kwando, ta yi tambaya kamar haka: ta san ba za ta samu shiga gasar ƙwararru ta WNBA ba, amma ba ta son rabuwa da wasan, tana son ta zama koci. Daga ina ake farawa, shekara nawa ake ɗauka, kuma me ke kayar da mutane a hanya?

Ƙanwata, ki fara da cire sunan Dawn Staley, shahararriyar kocin jami'ar South Carolina, daga lissafinki, duk da cewa ita ce kowace yarinya ke kallo. A shekarar 2000 jami'ar Temple ta ba ta shugabancin ƙungiya alhali ba ta taɓa horar da kowa ba, har ma tana ci gaba da buga wa ƙungiyar Charlotte Sting ta WNBA wasa a lokacin bazara. An yi mata haka ne don ita 'yar Philadelphia ce da kowa ya sani, kuma tana da zinaren Olamfik na 1996 a wuyanta. Wannan ƙofar ta mutum ɗaya ce cikin dubbai. Hanyar da yawancin mata ke bi ta fi kama da ta Kim Mulkey, wadda ta yi shekara 15 tana mataimakiya a Louisiana Tech, daga 1985 zuwa 2000, kafin Baylor ta ɗauke ta. Ko ta Cori Close, wadda ta yi shekara 18 tana yi wa wasu mataimakiya a UCLA da Santa Barbara da Florida State kafin a ba ta UCLA a 2011. Ki sa a ranki cewa shekara goma zuwa sha biyar ne tsakanin aikinki na farko da ranar da za a damƙa miki ƙungiya a babban rukuni, in har an damƙa.

Sai ki san filin da za ki shiga, domin aikin ba iri ɗaya ba ne a ko'ina. Hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, tana da rukuni uku. Rukuni na ɗaya yana da makarantu kusan 360, can kuɗi da talabijin suke, kuma ƙungiyar mata tana iya ba 'yan wasa 15 cikakken tallafin karatu. A rukuni na biyu tallafin mutum 10 ake ba koci ta rarraba yadda ta ga dama, wannan rabi, wancan kwata. A rukuni na uku babu tallafin wasa ko kaɗan, sai dai ki shawo kan yarinya da iyayenta da ingancin karatu. Bayan waɗannan akwai NAIA, wata hukuma daban ta ƙananan jami'o'i, da kwalejojin shekara biyu. Kada ki raina su. Lisa Bluder, wadda ta kai Iowa wasan ƙarshe na gasar ƙasa sau biyu a jere tare da tauraruwar 'yar wasanta Caitlin Clark, ta fara ne a St. Ambrose a 1984, ta koma Drake a 1990, sai a 2000 ta isa Iowa. A ƙaramar makaranta ke ce koci, ke ce mai tsara tafiya, wani lokaci har da koyarwa a aji, shi ya sa suke yawan neman mai digiri na biyu. Digiri na farko kuwa dole ne a ko'ina.

Matakin farko da ya fi dacewa da mai irin halinki shi ne kujerar da suke kira GA, wato ɗalibar digiri na biyu da ke yi wa ƙungiya aiki. Makaranta tana yafe miki kuɗin karatu, ta ba ki ɗan alawus da ba ya wuce haya da abinci, na shekara biyu. Aikin ba na ado ba ne. Ki riga kowa zuwa ɗakin atisaye, ki tsaya ƙarƙashin kwando kina mayar wa mai koyon jifa ƙwallo sau ɗaruruwa, ki riƙe agogo, ki bi sawun wadda ba ta shiga aji ba, ki jira jirgin da zai sauke yarinyar da ake zawarci, wato wadda ake son ta zo ta buga wa makarantar wasa. Ba a cika tallata waɗannan kujeru ba. Kocinki na yanzu ce za ta ɗaga waya ta kira ƙawarta, don haka ki faɗa mata niyyarki tun watan Nuwamba, kada ki bari sai kaka ta ƙare. Ki nemi aikin sansanin horar da yara na bazara a manyan makarantu biyu ko uku, domin a nan masu ɗaukar ma'aikata ke ganin wadda ke zuwa kan lokaci da wadda yara ke saurara. Ƙungiyar kociyoyin mata ta WBCA, wadda aka kafa a 1981, tana da shiri na musamman don 'yan wasan da ke kammala karatu suna son zama koci, kuma ana yin sa a babban taronta da ke zuwa tare da wasannin ƙarshe na ƙasa a farkon Afrilu. Kocinki ce za ta goya miki baya ki shiga. Wannan taro shi ne kasuwar aiki ta shekara.

Daga GA hanya takan rabu biyu, ko ɗakin bidiyo ko ofishin gudanarwa. Shawarata, in an ba ki zaɓi, ki ɗauki bidiyo. Mai kula da bidiyo tana yanka kowane wasa gunduwa-gunduwa da manhajoji irin su Synergy da Hudl Sportscode, tana zana tsarin wasa da FastDraw, kuma cikin kaka ɗaya za ta kalli ƙwallo fiye da duk wanda ta kalla a shekarunta huɗu na wasa. A nan ido ke buɗewa. Rahoton abokan karawa da ake so ki iya haɗawa yana amsa tambayoyi ƙayyadaddu: wannan 'yar wasa da wane hannu take kutsawa, in an tilasta mata hagu takan yi jifa ne ko takan miƙa, in an kafa mata katanga ta sama take bi ko ta ƙasa, wane tsari suke bugawa bayan kocinsu ta nemi hutu, wane suke yi in za a jefo ƙwallo daga ƙarƙashin kwando, yaushe suke barin tsaron kowa-da-tata su koma tsaron yanki. Kuskuren sababbi shi ne su kawo shafi goma. Yarinya mai shekara 19 da ke da jarrabawa gobe ba za ta riƙe fiye da abu biyu ko uku a kan kowace abokiyar karawa ba, kuma bidiyon da ya wuce minti goma zuwa sha biyar barci yake sa su. Gwaninta ita ce sanin abin da za a zubar.

Ki kuma koyi lissafin da ake yi yanzu. Yawan maki a wasa yana ruɗi, domin wata ƙungiya gudu take yi, wata kuma tana cinye daƙiƙa 30 ɗin da aka ba ta kafin ta yi jifa. Abin da ake aunawa shi ne maki nawa ake ci a duk lokacin da ƙwallo ta zo hannu. Ana ƙiyasta yawan riƙon ƙwallo haka: jimillar jifa, a cire ƙwallayen da kuka sake cafkewa bayan jifanku ya kuskure, a ƙara waɗanda kuka ɓarar, a ƙara kusan rabin jifan kyauta. Ki raba maki da wannan adadi. Mataimakiyar da za ta iya ce wa shugabarta jerin 'yan wasa kaza yana ba da kai a duk lokacin da aka haɗa su a fili, ga shaida, ta fi wadda ke cewa "ina ji a jikina".

Ofishin gudanarwa shi ne kula da jirgi, bas, otal, abinci, kasafin kuɗi, jadawalin atisaye da sansanin bazara. Yana koya miki yadda jami'a ke tafiya, kuma shugabar da ba ta san wannan ba takan sha wuya. Rena Wakama, wadda ta jagoranci D'Tigress ta Najeriya suka ci kofin Afirka a Kigali a 2023, sannan suka zama ƙungiyar ƙwallon kwando ta Afirka ta farko da ta kai zagayen kwata fainal a Olamfik a Paris a 2024, ta wannan ƙofa ta shiga. Ta buga wa Western Carolina wasa, ta yi aikin gudanarwa a Manhattan College, aka ɗaga ta zuwa mataimakiya, daga nan Stony Brook, sai Tulane. Haɗarin kujerar ɗaya ne. In kin iya aikin sosai, shugabarki ba za ta so ta rasa ki a wurin ba, sai ki wayi gari kin shekara shida kina yankan tikiti. Ki faɗa tun ranar farko cewa fili kike so, ki ba kanki shekara biyu ko uku. A Yulin 2023 dokar ta ɗan sassauta: bayan shugaba da mataimaka uku na asali, an yarda a ƙara mutum biyu da za su iya horarwa a fili, amma a lokacin ba a yarda su fita zawarcin 'yan wasa ba. Wannan ya buɗe wa ƙananan ma'aikata damar riƙe usur da a da ba su da ita.

Yanzu ga inda nake so ki fi mai da hankali. Ranar da kika zama cikakkiyar mataimakiya, ba a kan iya zana tsarin wasa za a auna ki ba, domin shugaba tana ganin ta fi ki sanin wannan. Za a auna ki a kan 'yan wasan da kika kawo. Zawarci shi ne ƙashin bayan sana'ar. A lokutan da doka ta ware a bazara, musamman watan Yuli, kociyoyi suna cika manyan ɗakunan taro masu fili da yawa a jere, inda kulob-kulob na gasannin Nike da Adidas da Under Armour ke karawa daga safe har dare. Kina zaune sanye da rigar makarantarku, doka ta hana ki yi wa yarinyar magana a wurin, aikinki ki gani kuma a gan ki. Kowa zai gane tauraruwa. Abin da ake biyan ki dominsa shi ne gano ta biyu da ta uku: wadda ke gudu ta koma tsaro bayan ta ɓarar da ƙwallo, wadda ke tafa wa abokiyarta daga benci, wadda ƙafarta ke da sauri ko da hannunta bai nuna ba tukuna. Ki kalli yadda take amsa wa mahaifiyarta bayan an cinye su. Sannan ki san wa ke yanke shawara a gidan. Wani gidan uwa ce, wani kaka ce, wani kocin kulob ne, kuma mataimakiyar da ta shekara biyu tana kiran wanda ba shi da ta cewa ta yi asarar shekara biyu.

Doka a wannan fanni tana da tsauri, kuma a nan sababbi ke ƙona kansu. Akwai ranar da aka yarda a fara kiran yarinya, bayan ta gama shekara ta biyu a babbar sakandare. Akwai lokutan da aka haramta haɗuwa ido da ido gaba ɗaya. Akwai iyaka kan abin da za a kashe mata in ta kawo ziyara. Atisaye ma yana da ma'auni: a cikin kaka awa 20 a mako, kada ya wuce awa 4 a rana, da hutun yini guda, a wajen kaka kuwa awa 8 a mako. Kowace makaranta tana da ofishin da ke sa ido kan bin doka. Ki mai da su abokai, ki tambaye su kafin ki aikata. Dokar NCAA tana ɗora wa shugabar ƙungiya alhakin laifin ma'aikatanta, saboda haka saƙon waya ɗaya da kika tura kafin lokaci yana iya jawo mata dakatarwa, ke kuma sunanki ya ɓaci a sana'ar da kowa ya san kowa.

Aikin kuma ya sauya sosai cikin 'yan shekarun nan, har wanda ya bar shi a 2017 ba zai gane shi ba. A 2018 aka buɗe rajistar masu neman sauya makaranta. A 2021 aka cire sharaɗin zaman shekara guda ba wasa ga mai sauyawa karo na farko, a 2024 aka cire shi kusan gaba ɗaya. Daga 1 ga Yuli 2021 'yan wasa suka samu damar karɓar kuɗin talla da sunansu da hotonsu. A Yunin 2025 kotu ta amince da sulhun da ya ba makarantu damar biyan 'yan wasa kai tsaye, har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko ga duk wasannin makaranta, kuma mafi yawansa ƙwallon Amurka ta maza ke kwashewa. Ma'anar wannan gare ki ita ce zawarci ba ya ƙarewa da sa hannu. 'Yan wasanki na bana ma sai kin sake shawo kansu duk ƙarshen kaka. Koci a matsakaiciyar makaranta tana raino yarinya shekara biyu, ta fara haske, babbar makaranta ta ɗauke ta da kuɗin da ba za a iya karawa da shi ba. Abin yana da ciwo ƙwarai, amma ban ga laifin yaran ba, domin kociyoyi sun daɗe suna barin makaranta don ƙarin albashi ba wanda ya hana su.

Wajen zaɓen wadda za ki yi wa aiki, ki duba abu biyu. Na farko, shekara nawa suka rage a kwantiraginta. Yawancin mataimaka kwantiragin shekara ɗaya suke da shi, kuma ranar da aka sallami shugaba a watan Maris, ita za a biya ta ragowar kuɗinta, ku kuwa sai haɗa kaya. Shiga ƙarƙashin wadda ta rage shekara ɗaya kuma ba ta cin wasa kasada ce. Na biyu, ina tsofaffin mataimakanta suke yanzu. In da yawansu sun zama shugabanni, tana koyarwa kuma tana ɗaga waya dominsu. Sannan kada ki bari a kulle ki a aiki ɗaya. An daɗe ana ɗaukar mata baƙaƙen fata a matsayin masu zawarci da lallashin yara kawai, ba a ba su tsara hari ko tsaro, in lokacin neman shugabanci ya zo a ce ba su da gogewa. Ki nemi a ba ki rahoton wasu wasanni ki gabatar da bakinki, ki nemi a ba ki minti goma na atisaye ki jagoranta. Carolyn Peck ce baƙar mace ta farko da ta ci kofin ƙasa, da Purdue a 1999, kuma sai bayan shekara 18 Staley ta zama ta biyu. Ki san kuma cewa da maza kike takara. A 1972, shekarar da aka kafa dokar Title IX da ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati, fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙungiyoyin mata mata ne ke horar da su. Da kuɗi ya shigo maza suka shigo, ƙofar ƙungiyoyin maza kuwa ba ta buɗe wa mata haka ba.

Zama mataimakiya har ƙarshe ma sana'a ce mai daraja. Chris Dailey tana gefen shugabanta Geno Auriemma a jami'ar Connecticut, wato UConn, tun 1985, kuma da ita aka ci duk kofuna 12. Jan Jensen ta yi fiye da shekara 20 tana mataimakiya a Iowa kafin ta gaji kujerar a 2024.

In kuwa shugabanci kike so, mafi girman shawarar da za ki yanke ita ce wane aiki za ki karɓa na farko. Kujerar da ta buɗe yawanci ta buɗe ne don wani abu ya lalace. Kafin ki sa hannu ki tambayi daraktan wasanni: nawa ne kuɗin zawarci, nawa aka ware don albashin mataimaka, makaranta tana biya wa yara karatun bazara, ofishin ɗaukar ɗalibai yana karɓar masu sauya makaranta cikin sauƙi, kuma wasa nawa za a tilasta miki ki je gidan manya a lallasa ku don makaranta ta karɓi kuɗi. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin ƙananan makarantu da shi suke cike gibin kasafi, kuma rashin nasarar da ke biyo baya a takardarki za a rubuta shi. Ki tambayi shekara nawa shi kansa daraktan zai yi, don sabon darakta yakan so ya kawo nasa mutum. A kwantiragi ki nemi shekara biyar, ki sa lauya ya karanta miki sharaɗin abin da za a biya ki in an sallame ki saboda rashin nasara, da jerin laifukan da za su sa a kore ki ba ko kwabo. Ki lura kuma da tsarin gasar ƙasa. A 2022 aka ƙara ƙungiyoyin da ke shiga zuwa 68, kuma makarantu a kashe suke gungu-gungu, kowane gungu da gasarsa. Ƙananan gungu yawanci kujera ɗaya tak suke samu, ta wanda ya ci gasar gungun a watan Maris. Kina iya cin wasa 25 ki faɗi a wasa ɗaya na ranar Asabar, shekarar ta tafi.

Ginin yana ɗaukar lokaci ko ga manya. Auriemma ya ci 12 aka cinye shi 15 a kakarsa ta farko, kofi bai zo ba sai 1995. Pat Summitt ta karɓi Tennessee a 1974 tana da shekara 22, ana biyan ta dala 250 a wata, ita ke tuƙa motar 'yan wasa, ita ke wanke rigunansu, kuma kofinta na farko cikin takwas a 1987 ya zo. Staley kanta ta ci 10 aka cinye ta 18 a shekararta ta farko a South Carolina, ba ta shiga gasar ƙasa ba sai a kaka ta huɗu. Abin da ya juya mata al'amari shi ne shawo kan A'ja Wilson, yarinyar da ta tashi a gefen birnin Columbia inda jami'ar take, ta zauna a gida a 2014. Kofi ya biyo baya a 2017, sai 2022, sai 2024 da suka ci wasa 38 ba a doke su ba, a wasan ƙarshen da kusan mutum miliyan 19 suka kalla, fiye da na maza. Matsalar ita ce yau ba a ba mutum irin haƙurin da aka ba su Summitt. Sababbin shugabanni sukan faɗi ta hanyoyi sanannu: su ɗauki ƙawaye aiki maimakon wanda ya san abin da ba su sani ba, su kori rabin ƙungiya a wata na farko su rasa amincewar sauran, su kwafo tsarin tsohuwar shugabarsu alhali ba su da irin 'yan wasanta, ko su yi sakaci da karatu har makin ci gaban karatun ƙungiya ya faɗi ƙasa da 930, wanda ke iya hana shiga gasar ƙasa.

In ke ba 'yar ƙasar ba ce, akwai ƙarin abu ɗaya. Bizar ɗalibi tana ba ki damar riƙe kujerar GA, da shekara guda ta aiki bayan kammalawa, daga nan sai makaranta ta nema miki bizar aiki. Jami'o'i ba sa cikin ƙuri'ar da ake yi wa kamfanoni kan wannan biza, amma dokokin shige da fice suna yawan sauyawa, kuma ba kowane sashen wasanni ke son ɗaukar ɗawainiyar ba. Ki je ofishin ɗaliban ƙasashen waje tun a zangon farko na digirinki na biyu, ki kuma faɗa wa duk mai son ɗaukar ki matsayin takardunki a hirar farko, kafin ya kai sunanki gaban darakta.